Shirun da Aka Yaba wa Barira

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙonsa ya riƙe mini harshe, don har yau in na tuna abin nan raina tafasa yake. Ƙanwata ce ta rasu. Zan kira ta Barira, ba sunanta ba ne, kuma duk sunan mutum da za ku gani a nan na sauya shi. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Dungas. Na rubuta ne saboda duk wadda ke da 'yar'uwa a ɗakin takaba ta san abin da za ta dinga dubawa.

Barira mace ce mai surutu. Tana aure a wani ƙauye gefen Dogo-Dogo, kuma in ta yi dariya a tsakar gida har gida na uku ana ji. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, ko ba ka yi niyyar saye ba sai ta zolaye ka ka saya. Ita da mijinta Lawali suna ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau. An gano ne wajen awon cikin 'yarsu Nana, wadda Allah ya tsare, aka haife ta lafiya lau. A duk dangi ni kaɗai ta gaya wa, bayan ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ko da bayan ranta.

Shekaru suna shan magani, jikinsu garau. Lawali na noman gero yana kiwon tumaki, ita tana suyarta. Asibiti mai nisa suka zaɓa, inda ba wanda ya san su, kuma duk wata sukan tafi da sunan cin kasuwa. A bayan asibitin akwai wata rumfa inda masu karɓar magani ke zama da wata mata, Zulai, ita ma mai ɗauke da ƙwayar. Ba likita ba ce. Aikinta ta zauna da su ta tambayi barcinsu da cinsu da abin da ke damun ransu. In wani ya ƙi zuwa randebu, wato ranar da aka sa masa ya dawo asibiti, sai ta hau kabu-kabu ta bi shi har gida da ƙullin atamfa kamar dillaliya, don kada maƙwabta su gane. Barira ta taɓa ce mini, “Yaya, ƙwaya jikina take riƙewa. Kaina kam rumfar nan ce ke riƙe shi.” Lokacin dariya na yi mata.

Sai korona ta shigo a tsakiyar bazara. Aka rufe iyaka, aka rufe lakwal, aka hana taro. Ban ce cutar ƙarya ce ba, ni da hannuna na ɗinka takunkumi na raba wa 'yan gidanmu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da aka fara jefarwa. Rumfa aka fara rufewa. Aka ce wa Zulai ta zauna gida tunda ba ma'aikaciya ba ce, aka tsayar da ɗan kuɗin esans, wato man fetur, da ake ba ta. Aka miƙa wa kowa maganin watanni a leda ta taga, aka ce ya tafi sai an neme shi. Lawali ya dawo da ledarsu yana murna an rage masa zirga-zirga.

Ana gab da azumi zazzaɓi da tari suka kwantar da shi, mako bai cika ba ya rasu. Har yau ba mu san abin da ya kashe shi ba, don ba wanda ya auna shi. Amma gari ya riga ya yanke hukunci, wai korona ce. Mutane kaɗan suka raka shi, masu ta'aziyya kuwa daga bakin zaure suke jefo gaisuwa su juya.

Barira ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kowa ya san yadda ake yi a wajenmu: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita, ba ɗaga murya. Uwar Lawali, wadda muke kira Inna, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗakin ta zama mai gadi. Ba muguwar mace ba ce, gara in faɗi wannan tun yanzu. Ɗanta ta binne, kuma ita ma ta yi takaba a ƙuruciyarta, ta san dokokin kamar karatun salla. Ni kuma tunda ba lakwal, na tattara na dawo gidan.

Makon farko Barira ta yi ta kuka, ban damu ba, don mai kuka yana nan tare da kai. A mako na biyu kukan ya tsaya cak. Sai ta zauna ta fuskanci bango tun safe har yamma. In an sha ruwa ta kurɓi kunu sau biyu ta ture kwanon. Da safe idanunta jajir, in na ce ko ta yi barci sai ta ɗaga kafaɗa. Wanka sai na ja ta. Nana takan zo ta hau cinyarta tana ja mata kunne, ita kuwa ko hannu ba ta ɗora mata. Magani kam ina ba ta, in Inna ta tafi alwala sai in sa mata ƙwayar a tafin hannu, in tsaya a kanta har ta haɗiye.

To ku ji abin da matan gari ke cewa in sun leƙo. “Kai, Barira ta iya takaba!” Wata ta ce, “Wa ya zaci mai bakin nan za ta nutsu haka?” Inna sai ta gyara zama tana jin daɗi, ta ce, “Ai ko muryarta ba na ji. Lawali ya yi sa'ar mata.” Rashin ci aka ce azumi ne. Da aka yi salla ta ci gaba da ƙin abinci, aka ce nafila take yi wa mijinta. Rashin wanka aka ce gudun ado ne. Duk alamar da ciwon ya nuna, al'ada ta riga ta tanadar mata suna mai kyau.

Da ramar ta fara fitowa fili, masu shawara suka taso. Kawunmu ya aiko da tazargade, wai ko ta shafi korona wajen mijinta. Wata gwaggo ta zo takanas daga Sassumbrum ta ce kurwar Lawali ce ke kiranta, aka turnuƙe ɗakin da hayaƙi har Nana na tari. Aka kawo rubutu, wannan da hannuna na ba ta, ban raina shi ba. Amma da na ce a kai ta asibiti, sai Inna ta dube ni kamar na yi saɓo.

“Asibiti? Mai takaba? Ciwon me take?” Ta ɗora hannu a goshin Barira. “Ji jikinta sanyi ƙalau. Ke dai malama, boko ya hana ki sanin baƙin cikin miji.”

Amsar tana bakina, alkawari ya ɗaure ta. Da muka samu kanmu mu biyu na roƙi Barira ta bar ni in gaya wa Inna gaskiya, ko ita kaɗai. Ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba, ta ce, “In kin faɗa, Nana ba za ta ƙara cin tuwo kwano ɗaya da kowa ba a garin nan.” Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Na san garin.

Na je wajen limamin ƙauyen, Allah ya saka masa da alheri. Ya taso da kansa har zaure ya ce, “Mai takaba tana fita neman magani da rana, ta dawo ta kwana ɗakinta. Wa ya ce muku addini ya ce a zuba mata ido?” Inna ta yarda tana tura baki. Na sayar da akuyar Barira, don kuɗin mota ya ninka tunda an rage yawan fasinja, muka kama hanya.

A ƙofar asibitin aka ɗora mana bindigar auna zafi a goshi, aka sa mu wanke hannu. Rumfar nan an zagaye ta da igiya, awaki ne kwance a ciki. Layin masu karɓar magani kuwa an fito da shi fili, gefen da ke kallon hanya, an jera duwatsu nesa-nesa kowa ya tsaya a kan nasa cikin rana. Duk mai wucewa a kan babur yana ganin wanda ke tsaye a tagar nan, kuma duk garin ya san tagar mece ce. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye sirrinsu aka shanya su haka. Barira ta ja hijabi ta rufe fuska.

Da muka isa tagar, wani matashin anfirmiye ne, ma'aikacin jinya, idanunsa kawai ake gani. “Tari? Zazzaɓi? Tana shan ƙwayarta?”

Na ce, “Tana sha. Amma ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana, ko 'yarta ba ta dubawa.”

“Tun yaushe?”

“Tun da mijinta ya rasu. Takaba take.”

Ya ce, “Ayya, Allah ya ji ƙansa. Ai dole, madam. In ta fita takaba za ta warware.”

Na ce, “Ba wanda zai zauna da ita ya ji abin da ke cin ta?”

“Wannan an dakatar sai korona ta wuce. Na gaba!”

Ban ce mugu ne ba, shi kaɗai ne a tagar, gumi na zuba a wuyansa. Amma na ɗauko mace daga ƙauye mai nisa, na tsallake al'ada da ƙyar, na zo wurin masu ilimi, sai suka maimaita mini maganar Inna cikin farar riga. Goshinta suka auna, goshin ya ce lafiya lau, shi ke nan.

Na nemo Zulai a salula. Da na ba ta labari sai da ta yi kuka. Ta yi ta kiran Barira da kuɗinta, amma wace magana za a yi, Inna na zaune a bakin ƙofa tana jan carbi? Daga “i” sai “a'a”. Zulai ta ce mini, “Malama, wannan ya fi ƙarfin salula. Ki kai ta Damagaram, akwai masu duba ciwon tunani.” Na kai maganar gaban yayan Lawali, wanda shi ne mai gidan. Ya ce, “Wajen mahaukata? Da takabar ƙanena a kanta? Ba a gidan nan ba.” Na ce to a bar ni in tafi da ita Dungas. Ya ce mai takaba a ɗakin mijinta take ƙarasawa.

Ana haka aka buɗe lakwal, dole na koma aji. Sai ƙarshen mako nake zuwa, in ruwan sama bai yanke hanya ba. Duk zuwa sai na duba robar maganinta, in ga ƙwayoyin suna raguwa daidai, in ce alhamdu lillahi. Wata Asabar ina tsefe mata kai, ba zato ta ce, “Yaya, ke da kika yi karatu. In mutum ya daina shan magani ya mutu, shi ya kashe kansa?”

Na ce, “Kina sha dai ko?”

“Ina sha.”

Na sake komawa wajen yayan Lawali, wannan karon da faɗa, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce, “Saura kaɗan ta fita, malama. Ki yi haƙuri.” Inna ta ce in yi haƙuri. Kawu ya aiko a ce mini in yi haƙuri. Ban taɓa jin kalmar da ta ishe ni kamar wannan ba a shekarar nan.

Ranar fita takaba ta zo a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Aka ɗora tukwane, mata suka cika gidan. Aka yi mata wanka da sabulu mai ƙanshi, mai kitso ta zauna, sai ga gashi na biyo mataji. Sabuwar atamfar da na sayo mata ta kusa zagaye ta sau biyu. Duk da haka ana ta guɗa. Aka ce ta fito ta gaida mutane. Ta kai tsakiyar gida sai tari ya sarƙe ta, ta durƙusa, jini ya ɗiga a kan sabon zanen, ta kife.

Wata ta ce, “Korona!” Wallahi matan nan da suka yi wata huɗu suna yabon ta, su ne suka toshe hanci da mayafi suna turereniya a zaure. Ban ƙara neman iznin kowa ba. Na ɗora ta a amalanken wani bawan Allah har bakin hanya, daga nan muka samu motar Damagaram.

Can ma sai da aka keɓe ta kwanaki ana jiran awon korona, ina kwana a baranda. Awo ya fito babu. Hoton ƙirji ya nuna tarin fuka, awon jini kuma ya nuna ƙwayar sida ta farka ta ci ƙarfinta. Likita ya ce, “An daɗe ba a sha magani ba.” Na yi ta musu da shi, ina cewa da idona nake duba robar. Barira na kwance tana kallon rufi.

Sai aka turo wani dattijon anfirmiye daga sashen masu ciwon tunani, mai furfura a gemu. Wannan mutumin, in ya ga rubutun nan, ya sani ina yi masa addu'a kullum. Kujera ya jawo ya zauna gefen gadon, ya ce in ba su wuri. Ranar farko ba ta ce masa komai ba, bai yi gaggawa ba, ya dawo washegari. A zama na uku ta buɗe baki. Tun da na koma lakwal, kullum sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a masai, don in na duba robar kada in gane. Ta ce masa tana jin ita ta jawo wa Lawali mutuwa, ita ƙazanta ce a gidan, Nana za ta fi samun daraja in ba ta.

Ya same ni a baranda ya ce, “Sunansa depresiyon. Ciwo ne, madam, kamar hawan jini, ba rashin tawakkali ba ne. Yana yawan kama masu ɗauke da ƙwayar nan, balle an yi rashi, balle an bar mutum shi kaɗai da tunaninsa. Kuma yana da magani.” Sannan ya ce, “Me ya sa sai yanzu?”

Aka ɗora ta a kan maganin tari, aka mayar da ita kan na sida, aka ƙara mata wata 'yar ƙwaya ta tunani, dattijon kuma bai fasa zuwa hira ba. Albashina ya tafi a farmasi da abinci, tumakin Lawali da suka zo rabon Nana ban taɓa su ba. Zulai ta zo dubiya da kuɗin motarta. Makonni suka wuce ba wani canji, har na fara cire rai. Sai wata rana da hantsi Barira ta ce, “Yaya, kwaɗon zogale nake so.” Na fita da gudu na sayo. Ta kai loma ɗaya ta yamutsa fuska ta ce, “Wa ya yi ƙulin nan? Allah ya isar wa gyaɗa.” Ta kwashe da dariya har masu jinyar gadon ƙarshe suka waiwayo. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Lawali.

Hankalinta ya dawo, jikin ne ya ƙi biyo shi. Aka kawo mata Nana, ta gan ta daga nesa saboda tarin, tana ta yi mata tsiya wai kitsonta kamar na tsohuwa. Ta fara lissafin yadda za ta koma suya in an yi girbi, har ta ce in nemo mata ɗaki kusa da ni a Dungas. Amma ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta. Ana saura kwanaki ta rasu ta ce mini, “Yaya, kin ga ikon Allah? Da ina so in tafi. Yanzu kuma wallahi ba na so.” Ta rasu da kaka, ana yankan gero.

Na san ajali ne, ba sai an tuna mini ba. Amma ajali bai rufe rumfa ba, ajali bai shanya marasa lafiya a bakin hanya ba, kuma ba ajali ne ya ce shirun mace ado ne ba. In annoba ta sake zuwa, masu tsara aikin asibiti su sani cewa leda cike da ƙwaya ba ta tambayar mutum yadda ya kwana. Ku kuma dangi, mai takabar da ta daina kuka, ta daina ci, ta daina duban ɗanta, a kai ta a duba ta tun tana iya tafiya da ƙafarta. Na ji an sake buɗe rumfar daga baya. Zulai ta ce mini ba Barira kaɗai ce ba ta dawo ba.

A wurin zaman makoki, mata sun cika gidan, don yanzu ba a tsoron korona. Inna ta share hawaye ta ce, “Allah ya ji ƙan Barira. Wata huɗu da kwana goma ban ji ta ɗaga murya ba, ban ga haƙorinta ba. Ku 'yan baya, ku yi koyi da ita.” Ana ta cewa amin. Na miƙe tsaye na ce, “Inna, ki gafarce ni, ke uwa ce. Amma kada wadda ta yi koyi. Shirun nan da kike yabo, shi ne ciwon.” Har yau wasu ba sa amsa gaisuwata, kuma ban janye ba.

Nana tana wurina yanzu, tana ajin da nake koyarwa. Dariyar uwarta ta ɗauko, mai ƙarfin nan da ke tsallake katanga. Kwanan baya wata baƙuwa ta ce mata, “Ke, mace ba ta dariya haka, yi shiru.” Na ajiye muciya na fito daga madafa na ce, “A gidan nan ba a ce mata ta yi shiru.”